Kiɗan Da Ba Ya Jiran Kowa

Wani sauti ne siriri mai tsalle-tsalle, kamar yaro ya jera kwalabe yana ƙwanƙwasa su da cokali, a ƙarƙashinsa kuma ganga tana bugawa ba ta sauya taki. Ina kicin ina soya albasa na fara jiyo shi daga talabijin. Shekarun baya ke nan, lokacin kullen korona, a wani ƙaramin gida can saman bene a Setapak, wata unguwa a ƙasar waje inda muke karatu.

Gidan ba nawa ba ne. Na wata 'yar garinmu ce da ke digiri na uku, ni ina na biyu, Yaya nake ce mata. Mijinta ya je Kano tattara bayanan bincikensa, aka rufe iyakoki ya maƙale a can, ya bar ta da tsohon ciki, na fari. Shi ya roƙe ni na kwaso kayana na dawo wurinta ana gab da hana fita.

Ana cikin haka asibiti suka ce tana da sugan masu ciki. Likita ba ta ɓoye mata ba: in bai sauka ba, jaririn zai yi girman da sai an yi tiyata. Maganin shi ne kula da abinci da tafiya bayan kowane ci. To ina za a yi tafiyar? An hana motsa jiki a waje, lambun da ke ƙasa ma an zagaye shi da igiya. Ga shi ba a barin kowa ya shiga da mai haihuwa. Yaya kuwa tana tsoron wuƙa tun da ta yi jinyar yayarta bayan irin wannan aikin. Sai ta miƙe a doguwar kujera ta juya wa duniya baya.

Ni a lokacin gani nake babu ciwon da kalma mai daɗi ba ta warkarwa. Na riƙa zama a gefenta ina karanta mata waƙoƙin da nake rubutawa a kan ruwan sama da kewar gida. Ta yi haƙuri da ni har haƙurin ya ƙare.

Ta ce, “Ƙanwata, ki ji tsoron Allah. Waƙoƙin nan naki ko a gidan makoki aka karanta su sai an ce a sassauta.”

Na kunna mata waƙoƙin gida, ta yi kuka. Na kunna na Indiya, ta tuna mijinta, ta ƙara wani.

To ranar nan da nake soya albasa, na leƙo falo da ludayi a hannu. Wani tsohon fim ne na Amurka wanda ya girme ni, na 'yan sanda da ɓarayi, ana harbi ana raha, motoci suna ta karo babu wanda ya damu. Yaya tana kwance yadda na bar ta, fuska a murtuke. Amma babban yatsan ƙafarta yana motsi a ƙarƙashin zani, daidai da gangar.

Na ce, “Yaya, ƙafarki tana rawa.”

Ta ce, “Sharri za ki yi min. Sauro ne.”

Ban ja da ita ba. Na nemo kiɗan a waya, washegari bayan karin kumallo na kunna shi na miƙa mata hannu. Ta harare ni, amma ta kama. Hanyarmu gajeriya ce: daga ƙofar shiga mu zaga teburin cin abinci, mu kai baranda mu taɓa ƙarfen, mu juyo. Ba a jima ba ta raba mana muƙamai, ita sufeto ni kofur. Ga ciki a gaba, ga muciya a hannu a madadin bindiga.

“Kofur, ɓarawon ya bi ta bayan firiji. Ke wai a ina aka ɗauko ki aikin nan?”

Na daɗe ina tunanin abin da ya sa wannan kiɗan ya yi abin da sauran suka kasa. Makaɗin kalangu a gida ƙafarki yake kallo. In kin gaji ya sassauta, in kin tsaya ya yi miki kirari. Wannan kuwa na'ura ce ke buga shi, ba ta da ido. Ba ta ganin kumburin ƙafa, ba ta jira. A kwanakin nan kowa tausayin Yaya yake ji, ni da mijinta da mahaifiyarta a waya, har tausayin ya zame mata katifa. Shi kaɗai ne bai tausaya mata ba. Sautin saman kuma tsokana ce zalla. An yi shi ne don a ɗora shi a inda ake bin mutum da bindiga, ya raɗa wa mai kallo cewa kwantar da hankalinka, wannan ma za a fita ana dariya.

Sugan ya fara sauka. Sai ranar da mijinta ya kira ya ce jirgin da yake sa rai an soke shi, babu zancen zuwa kafin haihuwa. Yaya ta ajiye wayar, ta cinye shinkafar da na sayo wa kaina tas, ta koma kujerarta. Na kunna kiɗan, ko motsi ba ta yi ba.

Ta ce, “Kashe. Su yanka ni ɗin, a huta.”

Ni ba mai gardama ba ce, ko a aji sai an kasa kunne ake jin muryata. Amma ranar ban kashe ba. Na ɗauki muciyarta na fara zagayen ni kaɗai: ƙofa, tebur, baranda. Ina wucewa ta gabanta ina sara mata. Kiɗan ya ƙare na maimaita, gumi yana zubo min, ina jin kaina kamar sabon kamu, amma na ƙudurta ko zan kai magariba ba zan zauna ba. Can na ji ta ja tsaki.

“Ke ko tafiyar ba ki iya ba. Kiɗa yana gabas kina yamma. Ba ni bindigata.”

Daga ranar ba mu sake fashi ba har naƙuda ta zo. Wata rana da hantsi na raka ta ƙofar asibiti, ma'aikaciya ta karɓi jakar daga hannuna ta ce iyakata nan. Na koma gida na kasa zama, na yi ta zaga teburin nan. Bayan la'asar ta kira, murya a dashe. Ta haihu da kanta, mace, ba a taɓa ta da wuƙa ba. Na tambaye ta yadda ta yi ita kaɗai, ta ce, “Addu'a na yi ta yi.”

Har yanzu ina rubuta waƙoƙina masu sanyi, ban tuba ba. Sai dai na daina tsammanin duk wanda ya faɗi lallashi yake bukata. Wani so yake a sami abin da zai ci gaba da tafiya a gabansa, har haushi ya sa shi miƙewa.

Bara na kai musu ziyara a Kano, yarinyar har ta shiga makaranta. Muna tuna baya sai Yaya ta leƙa ta ga babu kowa kusa, ta rage murya. Ashe kafin ta shiga ɗakin haihuwa mahaifiyarta ta gargaɗe ta a waya cewa 'yar gidansu ba ta ihu a naƙuda, kada ta ba su kunya a ƙasar mutane. Da ciwon ya kai inda ya kai, ta datse haƙora, addu'a tana zuci, amma abin da ya riƙa fita ta hancinta kiɗan nan ne. Ungozomar da ke kanta, wata dattijuwa 'yar ƙasar da idonta kawai ake gani, ta tsaya ta saurara. Ashe ta kalli fim ɗin a silima tana budurwa. Sai ta karɓe kiɗan daga bayan takunkumi, tana buga ƙarfen gado da biro, har kan yarinyar ya fito.