Firizar Uwar Rangwame

A gidan hayarsu mai ɗaki tara babu wanda ke kiranta da sunanta. Uwar Rangwame ake ce mata, ita ma ta daɗe da daina tankawa. Shekara ashirin da shida ta yi a ɗakin wankin wani asibiti, tana cusa zannuwan gado a inji, tana zaro su, tana ninkewa, har fatar yatsunta ta koɗe kamar an jiƙa takarda. Mijinta ya rasu da wuri, ba su haihu ba. Wanda ta raina shi ne ƙanenta, da aka ajiye mata a cinya yana ɗan shekara huɗu bayan rasuwar mahaifiyarsu. Har ya yi gemu, har ya yi aure, ba ta fasa ce masa Auta ba.

Sunan nan ba a banza ya kama ta ba. Ta san ranar da babban kantin bakin titi ke karya farashin madarar da kwananta ya kusa ƙarewa. Guntayen sabulu a cikin tsohuwar safa take tara su, ta matse su koma dunƙule guda. Ba ta kunna dutsen guga sai kayan mako sun taru, wai ɗumama shi ne ke cinye wuta. In ta tarar da ƙwan tsakar gida a kunne da rana, sai ta kashe tana mita: "Rana kuke haska wa hanya?"

Da kantin ya fito da katin tara maki, kamar don ita aka yi shi. Duk sayayyar da ka yi a zuba maka maki, ranar Talata kuma ninki biyu. Sayayyar mace ɗaya ba ta kai ko'ina, don haka ta tara matan gidan ta kawo shawara. Kowace ta rubuto abin da take so, ita za ta je ta sayo buhu da katan a farashin sari, ta dawo a raba da gwangwani. Su sauƙin nasu, ita makin nata. Matar tela ta ce, "To ke da maki za ki yi tuwon dare?" Aka yi dariya, aka amince.

Abin da ta sa wa ido firiza ce, fara, doguwa, da aka girke a ƙofar kantin da adadin makinta manne a murfi. Ritayarta na matsowa, ta kuma ga yadda waɗanda suka riga ta ke fama da ɗan abin da ake ba su. In ta samu firizar nan za ta riƙa ƙulla ruwa tana sayar da ƙanƙara daga ɗakinta, ba sai ta miƙa wa kowa hannu ba. Tun a shekarar farko ta auna lungun da za ta girke ta da igiya, ta matsar da gadonta jikin taga. Shekara uku lungun nan yana zaune wayam, ko bokiti ba ta yarda a ajiye a wurin ba.

Shekara ukun nan kuma ba ta tsallake Talata ko ɗaya ba. Ta tashi daga aiki ƙafafu a kumbure, ta bi layi, ta ɗauko kayan gida biyar, rabin hanya a ƙafa don kada kuɗin mota ya cinye ribar.

Ita a saninta makin a cikin katin yake kwance, kamar kuɗi a asusu. Shi ya sa take naɗe shi a leda, ta naɗe ledar a hankici, ta maƙale da fil a cikin jaka. Ba ta bari a taɓa shi da jiƙaƙƙen hannu, ba ta haɗa shi da makulli don kada ya karce makin ya goge. Ba ta taɓa sake tuna ranar rajistar katin ba. A wancan satin wayarta ta faɗa cikin ruwan wanki, Auta kuma ya rako ta, da aka nemi lambar waya ya ce, "Yaya, a sa tawa mana, ai duk ɗaya ne."

Saura kwana tara ta ajiye aiki makin ya cika bisa lissafinta. Ta sa sabon mayafi, ta yi ciniki da mai motar kaya ya jira ta a waje, ta shiga ta warware hankicin a gaban kashiya.

"'Yata, yau ba sayayya na zo ba. Amaryata na zo ɗauka."

Kashiyar ta saba da ita, ta yi dariya ta goga katin a na'ura. Sai dariyar ta ɗauke. Ta sake gogawa.

"Mama, maki ɗari biyu da ɗoriya ne a ciki."

"Duba dai da kyau. Ko na'urarku ce ba ta karya kumallo ba?"

Aka kira manaja. Ya juyo mata da fuskar kwamfutar kamar za ta iya karantawa, ya ce an karɓi firiza da makin nan mako biyar da suka wuce.

"Da wane katin? Ga shi nan a hannuna! Ko wanka na shiga yana ƙarƙashin filo."

"Ba a buƙatar katin, Mama. Makin yana kan lambar waya ne. Mai lambar ya zo, muka tura masa lambar sirri, ya karanto mana, muka ba shi kaya." Ya karanto mata ƙarshen lambar.

Ta san ta. Ita ce lamba ɗaya tak da ta haddace a duniya.

Mako biyar. A lokacin ne Auta ya buɗe ɗan shagon lemo da ruwan sanyi kusa da tasha. Ya ce mata wani abokinsa ne da zai bar gari ya sayar masa da firiza a arha. Ita da kanta ta je, ta ɗora tafin hannunta a kan murfin, ta yi addu'a Allah ya sa albarka, har ta ce, "Irin tawa ce sak, Auta. Za mu zama abokan sana'a." Ya buɗe ya ba ta ruwa mai sanyi, ta sha ta gode masa.

Ta sallami mai motar da kuɗin ɓata masa lokaci, ta taka har tasha. Auta na zaune a kan benci yana danna waya. Da ya ga fuskarta ya miƙe, ya koma ya zauna.

"Yaya, sannu da zuwa. In kawo ruwa?"

"Daga kanti nake."

Ya shiga murza gemu.

"Dama ina shirin zuwa in yi miki bayani."

"Yi yanzu."

"Saƙo ne ya yi ta shigowa wayata, wai maki ya isa, wai tayin zai iya ƙarewa. Na ga in aka tsaya jira za a yi asara. Kuma Yaya, ki duba, shekara biyu ba ni da aikin yi, ga iyali. Ke kuwa ke kaɗai ce, ga fansho na zuwa."

"Ni kaɗai ce," ta maimaita.

"Ba haka nake nufi ba."

"Talata nawa ka taɓa ɗaukar mini ko ledar gishiri?"

"To ai ba bare ne ya ci ba! Gida ta shigo. Naki nawa ne, nawa naki ne, ke kika koya mini haka."

"Na ji. Tunda naka nawa ne, kira mai mota a kai mini ita ɗakina."

Ya kalli firizar, ya kalli titi. Muryarsa ta yi ƙasa, amma ba ta yi rawa ba.

"Yaya, in aka ɗauke ta shagon ya mutu. Kuma rasit ɗin da sunana ya fito. Ga shawara: in kin ajiye aiki ki riƙa zuwa kina zauna mini da rana, ni in fita nema. Duk sati zan riƙa ba ki wani abu. Kin ga ba ki rasa ba."

Wani direba ya leƙo ya ce a ba shi ruwa biyu masu ƙanƙara, Auta ya tashi da sauri ya ɗaga murfin, sanyin ya bugo ta a fuska. Ta gyara mayafinta ta fita. Yana kiran "Yaya, Yaya," ba ta waiwaya ba, shi ma bai biyo ta ba, yana ba da canji.

Washegari ta riga kowa isa asibiti. Ba ta wuce ɗakin wanki ba, ta tsaya a ƙofar ofishin shugabar sashensu, matar da ta girme wa da shekara goma sha biyar, wadda tuni ta fara tara kuɗin walimar sallamarta. Da matar ta iso da makulli a hannu ta ce, "A'a, Mama, lafiya da sassafe? Ko ɗokin hutu ne ya hana ki barci?"

"Ranki ya daɗe, alfarma na zo nema. Masu wankin da kuke ɗauka na kullum-kullum, waɗanda ake biya da yamma. In da gurbi, a sa sunana."