Inna Hure da Zanen Goyon Hindatu

Kafin rana ta leƙo ta saman gawon da ke bakin kududdufin Kademi, Inna Hure mai wanki ta riga ta durƙusa gaban randunanta. Ba da sabulu take farawa ba. Sai ta tsoma yatsa a ruwa ta kai baki, ta lumshe ido, ta yi shiru kamar mai sauraron magana daga nesa. Matan gari sun daɗe suna tsokanarta, wai ita kaɗai ke ɗanɗana ruwan wanki sai ka ce miya. Ita kuwa murmushi take yi, ta ce ruwa ma hali gare shi, akwai mai yafiya, akwai mai riƙo.

Mai riƙon shi ne ruwan zartsi. In ya haɗu da sabulu kumfa ba ta tashi, sai wani fari-fari ya riƙa kwanciya a cikin zare, yau kaɗan gobe kaɗan, har tufa ta sandare. Tun da Hure ta fara yi wa mutane wanki, wajen shekarun samun 'yanci bayan rasuwar mijinta, ta san yadda ake lallashinsa. Takan zuba ruwan toka a randa ta bar shi ya kwana, farin ya zauna a gindi, ta tsiyaye na sama. Sabulunta na salo ne, da kanta take dafawa da toka da man gyaɗa. Ɗaurayar ƙarshe kuwa da ruwan tsamiya take yi. Ko da garin sabulu na kwali ya cika kasuwar Gaya, ba ta ko kalle shi ba. Ta ce ta ga yadda ruwansa ke sa gansakuka ta rufe fuskar kududdufi, ita kuma tana son ta riƙa ganin gajimare yana wucewa a ciki.

Ke ce wannan, Inna Hure, mai hannun da ba ya cin zare. Aikin da ya fi tsaya mana a rai kuwa shi ne na shekarar farin nan, da rijiyoyi suka ja baya, ruwansu ya koma zartsi zalla.

A shekarar ne Hindatu, 'yar garin Ajingi da ke auren Tukur, ta haifi Kulu. Hindatu ba ta tashi ta ga mahaifiyarta ba. Abin da ta gada daga gare ta zanen goyo ne guda, saƙi, baƙi mai ratsin fari, wanda da shi aka goye ta. Da shi ta ci burin goyon 'yarta. Amma da an ɗora Kulu a baya sai ta ɓare baki, ga ƙuraje sun feso mata a cinya da wuya. Gaji, surukar Hindatu, ba muguwa ba ce, tsoro ne ya kama ta. Ta ce mai zanen ce ke kiran jikarta, don haka a sa shi a wuta kowa ya huta.

Hindatu ba ta yi musu ba. Alfarma ɗaya ta roƙa, a bar ta ta kai shi wanki, don kada zanen uwarta ya shiga wuta da dauɗa. Ta miƙa wa Hure hawaye na zuba.

Hure ta warware zanen, ta ji ya bushe ƙamas kamar ƙirgi. Ta murza gefensa, farin gari ya zubo mata a tafi. Ta lasa, ta lumshe ido yadda ta saba.

Ta ce, "'Yar nan, da ruwan ina kike wanke shi?"

Hindatu ta ce na rijiyar gida, kuma kullum take wankewa saboda ƙaunarsa.

"To share hawayenki. Ba uwarki ce ke taɓa yarinyar nan ba, rijiya ce."

Ta saka mayafi ta tafi gidan da ƙafarta, ta durƙusa ta gaida Gaji, ta roƙe ta ta ɗan jinkirta wutar, in wankin bai yi ba ita za ta kawo kara. Sannan ta jiƙa zanen a ruwan tsamiya mai ɗumi. Ba ta buga shi a dutse ba, ba ta cuɗa da ƙarfi ba. Matsa shi kawai take yi a hankali tana sauya ruwa, tana ɗan waƙe-waƙenta ƙasa-ƙasa. Waɗanda suka gani sun ce ruwan farko fari ya fito, na gaba ya yi sauƙi, har ratsin zanen ya fara bayyana kamar ana saƙa shi sabo. A inuwa ta shanya shi, iska na kaɗa shi a hankali.

Ranar da ta mayar, Gaji ta ce ita za ta gwada, in akwai abin da zai faru ya faru a bayanta. Ta goya Kulu ta ɗaure, ta fara zagaya tsakar gida. Hindatu ta tsaya jikin rumbu, tana jiran kukan. Yarinya ta motsa, ta goga kunci a jikin saƙin, ta yi hamma. Tukur ya buɗe baki zai yi magana, Gaji ta ɗaga masa hannu.

"Yi a hankali, ta yi barci."

Bana Inna Hure ta kife randunanta. Yatsunta sun lanƙwashe, ba sa iya matsa ko ɗankwali. Kulu ta shiga firamare, zanen kuma yana nan, ƙanwarta ake goyo da shi.

Mun gode, Inna. Ke ce kika mayar wa marainiya da uwarta daga bakin murhu. Allah ya saka miki da alheri, ya ba hannuwan nan sauƙi. Mu kuma da muka rage, mu yi koyi da ke, kafin mu yanke wa abu hukunci mu tsaya mu ji da wane ruwa aka wanke shi. Wanda ya je gaishe ta ya tafi mata da ruwa a ƙwarya. Zai ga har yanzu sai ta tsoma yatsa ta lumshe ido, kafin ta sha.