Asabar Ɗin da Muka Yi wa Nuhu Aron Uba

Ku da kuka shigo aikin horar da yara kwanan nan kuna yawan tambayata me ya sa nake ajiye benci a bayan raga duk ranar gwaji. To, akwai wata Asabar da ba na jin za ta fita daga raina har in koma ga Mahaliccina, kuma daga gare ta bencin ya samo asali. A ranar ne muka yi wa wani yaro aron uba.

A lokacin ni ne kocin masu tsaron gida a kulob ɗinmu na 'yan Zango. Ga wanda bai san tsarin ba, a sama akwai parsidan, wato shugaban kulob, wanda ke sayen ƙwallaye da riguna, don haka maganarsa ita ce magana. Ƙarƙashinsa babban koci, sai ni, sai mai tausa. Filinmu yana wajen unguwar Cissin, jar ƙasa ce mai tsakuwa, wadda in yaro ya yi tsalle ya faɗi sau biyar a kanta sai ka ga gwiwar hannunsa kamar an goga da dutse. Lokaci-lokaci wakilan makarantun ƙwallo na ƙasashen waje sukan zo su duba yara, abin da muke kira detekisiyo. Wanda suka zaɓa su tafi da shi, su ciyar da shi, su sa shi lakkwal, wato makarantar boko, in ya yi kyau su sayar da shi gaba. Duk yaron da ke zuwa filin nan da wannan mafarkin yake kwana.

Tun da wuri bari in gaya muku gaskiya, don ni ba na cikin masu cewa tsawo ba komai ba ne. Ku dube ni, gajere ne, kuma na tsare gida shekara da shekaru. Na san zafin ƙwallon da ka gani tun tana ƙafar mai bugu, ka san kusurwar da za ta, ka tashi a kan lokaci, ta wuce saman yatsunka da abin da bai kai faɗin tafin hannu ba. Dogo yana iya makara hannunsa ya cece shi. Gajere in ya makara sai ya juya ya ɗauko ta a raga. Amma mai tsaron gida ba sanda ba ce da ake kafawa a ƙofa. Shi kaɗai ne ke ganin fili gaba ɗaya, shi ke tsara na baya, shi ke fara kai hari in ya jefa ƙwallo inda ya dace. Wannan kuwa ba a auna shi da ma'auni.

Nuhu yana da shekara goma sha biyar a lokacin, kuma ban taɓa riƙe yaro mai ido irin nasa ba. Kafin ɗan gaba ya yanke shawara, Nuhu ya riga shi sanin abin da zai yi. Ba ni na koya masa ba, ubansa ne, Malam Idi, mai gyaran babur a wata rumfar kwano a unguwar Ouidi. Tun yaron yana ƙarami yake tsayar da shi a jikin bangon gida yana jifansa da ƙwallon tanis. Malam Idi bai kai ni tsawo ba ma, kuma kama tsakaninsa da ɗansa kamar an tsaga kara: wushirya ɗaya, kunnuwa iri ɗaya, hatta tafiyar. Kowane wasa yana bayan raga da rigarsa mai baƙin mai, yana faɗin abu ɗaya: "Ƙafar da ya dasa ka duba, Nuhu, ba idonsa ba!" Har yaran kulob suka mayar da maganar abin tsokana.

Ana cikin damina parsidan ɗinmu, Alhaji Mamman, ya kira mu ni da babban koci a shagonsa na atamfa. Ya ce wani Nasara zai zo neman masu tsaron gida, kuma ya ce kowane yaro ya zo da iyayensa. Dalili shi ne, yaro mai shekara sha biyar bai gama girma ba, don haka sukan kalli uba da uwa su ƙiyasta inda zai tsaya.

Alhaji ya ce, "Koci Sale, in mutumin nan ya ga Idi, an gama. Ko Nuhu zai kama tsuntsu a sama ba zai ɗauke shi ba. Tanimu za mu kawo."

Tanimu ƙanin Malam Idi ne, ubansu ɗaya uwa daban, direban babbar mota, dogo har sai ya sunkuya yake shiga ƙofa. Na ce, "Alhaji, uba ne fa, ba takalmin wasa ba da za a ara a mayar."

Ya dube ni ya ce, "Kai da ka yi taurin kai da gajartarka, ina ka kai? Ƙwallo ta taɓa kai ka gaba da garin Bobo?" Babban koci ya sunkuyar da kai yana wasa da makullin babur. Raina ya ɓaci ƙwarai, musamman da yake maganar ta taɓa inda ke mini ciwo. Na ce ba da ni ba, kuma zan je in gaya wa uban da bakina.

Na same shi a rumfa ya kwance injin wani babur, ashe Alhaji ya riga ni zuwa. Ya goge hannu da tsumma, ya saya mini zom-kom, ruwan garin gero mai zaƙi, a wajen mai tallar da ke gefe, ya saurare ni har na gama zafina. Sannan ya ce, "Koci, na gode. Amma ni na ba shi wannan jikin, ba ni da wani da zan ba shi. In tsayuwata kusa da shi za ta tare masa hanya, ku kawar da ni. Abin da nake roƙonka, ka yi shiru." Uwar yaron ce ta ƙi sam. Ta ce ba za ta tsaya gefen ƙanin mijinta a kira ta matarsa ba ko da za a kai Nuhu wata ne. Sai aka shirya a ce ta yi tafiya.

Ranar Asabar aka tashi da hadari amma bai zubo ba. Nasaran ya zo da jaka da wata sandar awo mai jan layi a can sama, ya ce makarantarsu ba ta ɗaukar mai tsaron gidan da ba su sa ran zai kai layin nan. Ya auna yara ɗaya bayan ɗaya ba takalmi, sannan ya bi iyaye yana gaisawa yana kallonsu daga sama har ƙasa kamar mai zaɓen rago. Tanimu ya sha babbar riga, ya dafa kafaɗar Nuhu. Nasaran ya ɗaga kai ya kalle shi, ya yi murmushi, ya rubuta wani abu. Alhaji ya ƙyafta mini ido, ni kuwa na kau da kai.

Masu tsaron gida biyu muka gabatar. Na biyun Mumuni ne, yaron kirki daga Zogona, dogo sosai, amma hannunsa kamar rariya. A wasan gwaji Mumuni ya saki ƙwallaye har na daina kallo. Nuhu kuwa ya yi abin da ban taɓa ganin ya yi ba. Ya fito ya tsinke korna a tsakiyar manyan yara, ya tare wata da ƙafa, ya jefa wata da hannu ta sauka daidai gaban ɗan gefe aka je aka ci. Nasaran ya daina rubutu ya tsaya yana kallo.

Tun farkon wasa na hango Malam Idi can nesa ƙarƙashin bishiyoyi, inda ake ajiye babura, da hular kwano a kansa don kada a gane shi. Ya yi alkawarin ba zai zo ba, amma ƙafarsa ta ƙi. Da aka zo bugun fenariti, ban san lokacin da ya taso ba. Sai dai na ji muryar a bayan raga, a wurin da ta saba fitowa: "Ƙafar da ya dasa, Nuhu!" Yaron ya faɗi hagu ya ture ƙwallon. Uban ya cire hular kwano ya ɗaga ta sama yana dariya, wushirya a waje, ya manta da komai.

Nasaran ya tako a hankali har bakin raga. Ya kalli Malam Idi, ya kalli Nuhu da ke karkaɗe ƙasa daga jikinsa, ya sake kallon Malam Idi. Ya tambayi yaron da Faransanci, wane ne wannan da kuke kama haka? Alhaji Mamman ya taho da sauri amma ya yi nisa. Nuhu bai kalli kowa ba, ya zuba ido a kan safar hannunsa, ya ce, "C'est le mécanicien du quartier." Wato mai gyaran babur ne na unguwarmu.

Malam Idi ya yi lakkwal daidai gwargwado, ya ji sarai. Na ga dariyar ta sauka daga fuskarsa a hankali. Ya gyaɗa wa Nasaran kai ya ce da Faransanci, "Wi, mushe," wato haka ne, ranka ya daɗe, ya mayar da hular kwanonsa, ya juya. Ya yi ta buga babur ɗinsa ya ƙi tashi, shi da ke tayar da na mutane, har ya haƙura ya tura shi da hannu ya fita daga filin. Na taɓa ganin an karya ƙafar yaro a gabana, amma ban ji abin da na ji a wannan lokacin ba. Tausayi ya kama ni, da haushin da ban san wa zan ɗora wa ba, don yaron abin da manya suka shirya masa ya faɗa.

A satin da ya biyo aka kai yaran da aka ware wani asibiti aka ɗauki hoton ƙashin hannunsu. Ni na raka su. Ashe daga ƙashin wuyan hannu likita na iya ganin ko yaro na da sauran girma. Da sakamako ya fito, Nasaran ya kira ni gefe ya ce Nuhu shi ne mafi kyawun yaron da ya gani a tafiyarsa, amma ƙashinsa ya kusa rufewa, ba zai kai jan layi ba. Ya ce, "Uban dogo ne, amma yakan faru." Na tambaye shi, to me ye amfanin ganin iyaye? Ya ɗaga kafaɗa ya ce al'ada ce kawai ta aikin, ƙashi ne ke yanke hukunci, kuma yaro irin Nuhu ko wa ya haife shi sai ya kai shi hoto. Mumuni ya ɗauka. Na ce masa yaron ba ya kama ƙwallo. Ya ce, "Kamun ƙwallo za mu koya masa. Tsawo ne ba mu san yadda ake koyarwa ba."

Da na kai wa Alhaji labari cewa ya yi, "To, ai mun gwada," ya ci gaba da auna wa wata mata yadi.

Nuhu ya ƙara shekara biyu tare da mu. Hannunsa bai lalace ba, amma ya samu wata ɗabi'a: duk bugun fenariti sai ya waiwaya bayan raga kafin ya tsaya. Ba kowa a wurin sai yara masu tsintar ƙwallo. Malam Idi bai sake taka filin nan ba. Bai yi wa ɗansa faɗa ba, bai daina ciyar da shi ba, uwar ta ce mini ko sau ɗaya bai tayar da zancen ba, kuma wannan shirun ne ya fi cin yaron. Na je na roƙe shi ya dawo, ya ce aiki ya yi masa yawa. Daga baya Nuhu ya kawo mini safar hannunsa a leda ya ce ya gaji.

Yanzu yana rumfar ubansa yana koyon gyara. Bara na kai babur ɗina can, na zauna ina jira. Su biyun suna durƙushe a kan inji ɗaya, tsawonsu ɗaya cif, ɗaya na miƙa sifana ɗaya na karɓa ba tare da magana ba. Wani baƙo da ya kawo faci ya dube su ya yi dariya ya ce, "Kai, Malam, wannan ba sai an tambaya ba, ɗanka ne!" Malam Idi bai ɗago ba. Ya ce, "Mai tsaron gida ne na unguwarmu." Ba da fushi ya faɗa ba, kuma ban san ko ya yi nufin ta yi zafi ba. Na dai ga Nuhu ya tashi ya shige bayan rumfa ya daɗe yana wanke hannu.

Abin da na koya shi ne, a wannan sana'a tsawo yana da muhimmanci domin masu saye shi suke saye, kuma ba mu da ikon canja musu sandarsu. Ku gaya wa yaranku haka tun da wuri, kada ku ruɗe su. Gajeren da ya iya zai ci wasa, zai burge jama'a, wataƙila kuma ƙofar ba za ta buɗe masa ba. Irin wannan rashi, yaro yana iya ɗaukarsa, na ɗauka ni ma ban mutu ba. Amma mu da muke tsaye tsakanin yara da masu saye, in son kai su waje ya rufe mana ido, mukan sa su biya da abin da ba na ƙwallo ba. Nasaran ya tafi da sandarsa, Alhaji ya manta, Tanimu ya koma tuƙi. Shi ya sa ranar gwaji nake ɗauko bencin nan da kaina in ajiye a bayan raga, kuma duk baƙon da ya zo, kafin ya ciro ma'auni, sai na kai shi can ya gaisa da wanda ya haifi yaron, ko da kuwa bai kai ƙugunsa ba. Har yau nakan aika a gaya wa Malam Idi akwai wurinsa a kai. Bai zo ba tukuna.