Zanen da Ban Saya Ba

A shekarun da gwamnatin Ingila ta tsuke bakin aljihu, firamaren da 'ya'yana suke zuwa a unguwar Withington ta rasa matar da ke kula da laburare, ta kuma rasa malamar da ke zama da yara tana sauraron karatunsu. Shugabar makarantar ta tara mu iyaye a zauren da yara ke cin abinci, muka zauna a kan 'yan kujerun nan da gwiwa ke neman taɓa haɓa. Ta ce ƙaramar hukuma ta rage abin da take ba su, in muna so laburaren ya ci gaba da buɗewa, sai mu tashi tsaye. A ranar na shiga kwamitin iyaye da malamai. Maigidana likita ne a wani asibiti a Salford, aiki ya cinye shi, ni kuwa ina gida da digirina a ƙasan akwati. Na ce gara in fita in ga mutane.

Ba yabon kai ba, na yi wa kwamitin nan bauta. Duk ranar da aka kafa 'yar kasuwar tara kuɗi a filin makaranta, da tandata nake zuwa, in kafa ta a bakin ƙofa in yi ta soya waina. Ni bahaguwa ce. A gidanmu a Kano an yi faɗan har aka gaji, aka samu na koma cin abinci da dama, amma juya waina dai sai da hagu. Turawa sukan yi layi suna kallon hannuna suna tambayar ko da me aka yi ta. Shekara biyu ba wanda ya kama ƙafata, kuma ina jin daɗin hakan.

Sai ga wata mata ta kawo ɗanta ajin babbar 'yata. Bahaushiya ce daga zangon Kumasi, tana aiki a gidan kula da tsofaffi, mijinta direban bas. Doguwa, mai murya, mai ɗaurin ɗankwali kamar za ta biki ko da ranar Litinin ce. Ranar farko da ta ji ina yi wa ƙaramina faɗa da Hausa a bakin get, ta ratso mutane ta kama hannuwana biyu.

"Hajiya, ashe da 'yar'uwa a nan ban sani ba. Daga yau na samu gida."

Ni ma na yi murna, Allah ya sani. Kafin wata ya zagayo ta shiga kwamiti, yara kuma, namu da na Turawa da na 'yan Pakistan, duk sun koma kiranta Anti. Ta zo da tukunyar wake da shinkafa irin nasu da wani baƙin yaji da suke soyawa a mai, layina ya rabu biyu. Wannan bai dame ni ba sosai, ciki ne, kowa da abin da yake so. Abin da ya tsaya mini a maƙoshi shi ne 'yata.

'Yar fari ce. A gidan da na tashi, uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yabonsa a gaban mutane, ba ta ɗora shi a cinya in da baƙo. Ban taɓa jin sunan yayanmu a bakin mahaifiyata ba, kuma duk unguwa an san shi ne ranta. Haka na taso da tawa. "Ke" nake ce mata, ko in ce da ƙanenta "kira mini yayarka". Ban taɓa zama na yi mata bayani ba, don ni ma ba wanda ya yi mini.

Da aka ce iyaye su riƙa zuwa ranar Alhamis suna sauraron karatun yara, na ja malamar ajin gefe na roƙe ta kada ta sa ni rukunin da 'yata take. Baturiyar ta yaba mini, wai na san adalci. Ni dai kunya nake ji, in zauna a gaban jama'a ina ce wa 'yar cikina ta yi ƙoƙari. Sai aka tura yarinyar rukunin Anti.

Tsakanin inda nake zama da nawa yaran da inda Anti ke zama akwai ƙofar gilashi. Ta cikinta nake ganin komai. In 'yata ta karanta shafi ba gargada, Anti ta tafa, ta kira sunanta da ƙarfi har da wani ƙari a ƙarshe, ta rungumo ta. Yarinyar da a gida ba ta zama kusa da ni sai in zan tsefe mata kai, ga ta can ta kwantar da kai a kafaɗar wata. Yaron da ke gabana yana ta fama da kalma, ni hankalina yana bayan gilashi. Kishi nake ji, kishi ƙarara, ba ni da wani suna da zan ba shi.

Gida kuma ba zance sai nata. Anti ta ce kaza, Anti ta iya kaza, gidan Anti ana dariya. Wata rana ta dawo da kitso biyu da ba ni na yi ba. Na tambaya, ta ce Anti ce ta gyara mata lokacin hutun rabin rana saboda nawa ya kwance. Da daddare na kwance shi, na ce ya yi tsauri zai cinye mata gaban goshi. Bai yi tsauri ba, ya ma fi nawa kyau. Da na kai wa maigidan ƙorafi, dariya ya yi ya ce in gode Allah yarinya ta samu uwa ta biyu a ƙasar da ba mu da kowa. Na sha mur na ƙyale shi.

A bazarar wannan shekarar wata Baturiya a kwamiti ta kawo shawara. Kowane yaro ya yi zane, a sa a firam, a jera a zauren taro ranar kasuwa, iyaye su saya, abin da aka samu a sayi littattafai. Aka amince. Makonni 'yata tana dawowa da fenti a hannun riga. Na tambaye ta me take zanawa, ta ce sai ranar. Na san kuwa Anti ta gani, don ita ke taimaka wa malamar wanke burushi.

Ranar kasuwar na bar wa wata maƙwabciya tanda na shiga zauren. An jera zane-zanen a bango, kowane yaro ya tsaya kusa da nasa. In an saya, sai a manna wata 'yar jar takarda a gefen firam. Turawa na ta nufar na 'ya'yansu kai tsaye, suna ɗaukar hoto, wasu har da hawaye. Daga bakin ƙofa na hango tawa. Ta sa hannuwa a baya, ta miƙe kamar soja, idonta a kaina.

Na san abin da tarbiyyata ta ce. Mutum ba ya tsallake ɗan 'yar'uwarsa ya nufi nasa. A gidanmu in mahaifiyata tana rabon nama, 'ya'yan ƙanwarta take fara ba, mu sai ƙarshe, in muka je gidan ƙanwar tata ita kuma mu take fara ba. Kowa ya yi wa wani kara, a ƙarshe ba yaron da ya rasa. Don haka lissafina a fili yake: in sayi na ɗan Anti, ita ta sayi na 'yata, in mun zo fita kowa ya miƙa wa yaron ya kai gida. Amma akwai abu na biyu. Da na zo wucewa na saci kallon zanen da wutsiyar ido, na ga mace ce da ƙaton ɗankwali. Raina ya ce ai ga ta nan, Anti ce ta zana. Ban tsaya ba, ban sake kallo ba. Na wuce na tsaya gaban ɗan Anti, wanda ya zana jirgin ƙasan nan rawaya mai bin cikin gari, a karkace kamar zai faɗi. Na yabe shi da ƙarfi, na shafa kansa, na saya.

Anti tana waje wajen tukunyarta, ba ta shigo da wuri ba. Jajayen takardu suka yi ta hawa firam ɗaya bayan ɗaya, yara suka yi ta barin bango suna bin iyayensu. Tawa tana nan tsaye. Na koma gefe ina taya wata mata naɗe zane-zanen da aka saya, ina jin idonta a ƙeyata. Sai can Anti ta shigo tana goge hannu, ta dubi bangon, ta dube ni, ta nufi yarinyar.

"Wa ya bar mini wannan? Nawa ne, kada kowa ya taɓa."

Ta rungume ta, ta saya, aka manna jar takarda. Na ce a raina to madalla, abu ya tafi yadda ya kamata. A bakin ƙofa na miƙa wa ɗanta jirginsa, yaron ya ce da Turanci ai ni na saya, nawa ne. Na dubi uwarsa ina jiran ta miƙo na 'yata. Ta matse zanen a hammata, ta ce, "Hajiya, sai Monday," ta ja ɗanta suka tafi.

Muka kama hanya a mota har muka kusa gida. Yarinyar tana baya, ta ce a hankali, "Mum, you walked past." Wato na wuce ta ban tsaya ba.

Na ce, "Ba Antinki ta saya ba? Me kuma kike so?"

Ba ta sake tayar da zancen ba. Jirgin na rataye shi a kicin, don in yaron ya zo ya ga ban wulaƙanta shi ba.

Shekara ta gaba aka rufe gidan tsofaffin da Anti ke aiki, suka tattara suka koma Birmingham wajen dangin mijinta. Na taya ta ɗaure kaya, na yi mata dambun nama na hanya, na yi addu'a. A cikin raina kuwa daɗi na ji. Na ɗauka nisa zai raba su.

Bai raba su ba. Suna waya, suna aika wa juna hotuna. Da lokacin jami'a ya zo, ga jami'o'i a ƙofar gidanmu, yarinyar ta ce sai Birmingham. Ranar da muka kai ta da kayanta, Anti ta ce ba mu isa mu bar garin ba mu ci abincinta ba. Muka same ta a unguwar Sparkbrook, a saman wani kanti, bas-bas na ta wucewa a ƙasa. Ta yi furfura, muryar dai tana nan. Ta ja 'yata kicin, maigidan ya bi mijinta masallaci, aka bar ni ni kaɗai a falo.

Zanen yana nan a bango, tsakanin hoton Ka'aba da hoton ɗanta na gama sakandare. Fentin ya ɗan koɗe. Na tashi na matsa kusa, karo na farko na kalle shi ido da ido. Mace ce da ƙaton ɗankwali, ta juya baya, ba a ganin fuskarta. Gabanta tanda ce mai ramuka, gefe ga shuɗiyar butar shayin da har yau take kicin ɗina. Cokalin juya wainar yana hannunta na hagu.

Ban san sun shigo ba sai da na ji an ajiye faranti. Na juya na ce, da muryar wasa gwargwadon iyawata, "Hajiya, ai ya kamata mu yi musaya haka nan. Jirgin ɗanki ya gaji da kicin ɗina."

Anti ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Ni ban ƙi ba, Hajiya. Tun ranar na san ke ce a ciki. Na yi ta jira ki tambaya, ba ki tambaya ba. Amma ga mai zanen nan, ki tambaye ta."

Na dubi 'yata. Ta fi ni tsawo yanzu. Na ce, "Ke, me ya sa ba ki yi mini fuska ba?"

Ta ce, "Haka nake ganinki, Mum. Kullum kina yi mana wani abu, kullum ta baya." Ba da fushi ta faɗa ba, tana jera cokula ne ma. Sai ta ƙara da cewa, "A bar shi nan. Weekend zan riƙa zuwa, zan riƙa ganinsa."

Na ci abincin, ya yi daɗi, kuma hakan ma ya ba ni haushi. Har gobe ban yarda mahaifiyata ta koya mini abin banza ba. Kara na yi, da a Kano ne da an yaba mini. Amma ba a Kano yarinyar ta tsaya jikin bango tana jira ba.

Da za mu tafi ta rako mu ƙasa, bakin titi. Ubanta ya yi mata nasiha ya shiga mota. Na tsaya riƙe da ƙofa, sunanta yana bakina. Ni na zaɓa mata shi, a zuci kuma na kira shi sau ba adadi. Na buɗe baki, abin da ya fito shi ne, "Ke, ki riƙa cin abinci."

Ta ce to. Daga sama Anti ta leƙo ta taga ta kira ta, cikakken sunan har da ƙarin nan na ƙarshe, wai ta zo shayinta zai huce. Yarinyar ta juya tun kafin in rufe ƙofar motar.