Anti Mariama ta tafi, Kumandan yana kulle a gida

Anti Mariama ta rasu. Da safen nan aka bugo wa Mama waya. Ina kicin ina haɗa wa ƙannena shayi, sai na ji salatinta daga falo.

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Wai jiya ta faɗi a wurin aiki, a gidan tsohuwar da take kula da ita. Aka kai ta asibiti, ba ta farfaɗo ba.

Akwai abin da ban gaya wa kowa ba, ko Mama. Da na ji labarin, ba 'ya'yanta da ke Damagaram ne suka fara faɗo mini a rai ba. Kumandan ne, tsohon muzurunta. Tun jiya da safe yana kulle a gida shi kaɗai. Ina jin kunyar faɗa, amma gaskiyar ke nan.

Ga waɗanda ba su san ta ba, 'yar Nijar ce, ta daɗe a nan Greensboro, garin da muke zaune a ƙasar Turawa. Ranakun da ba ta aiki tana taimaka wa wata ƙungiya da ke biyan kuɗin asibitin dabbobi, idan ciwo ya zo na gaggawa kuma masu dabbar ba su da hali. Mutanenmu suna tsokanarta a kan haka. Na taɓa jin wani Alhaji a ƙofar masallaci ya ce mata, "Hajiya, mutane na neman na haya, ke kina tara wa mage kuɗin allura?"

Ta ce, "Kawo na mutanen, Alhaji, ni zan kai musu. Sannan ka laluba ɗayan aljihun ka ba magen nata."

Ya yi dariya. Ya laluba kuwa.

Ni dalilin Ƙosai na san ta. Ƙosai kyanwata ce, a bayan bolar gidajenmu na tsince ta tana 'yar mitsitsiya. Tun da muka zo daga Kano rayuwata ɗaya ce: bas ɗin makaranta, gida, kulle ƙofa, rainon ƙanne har Mama ta tashi daga aiki. Ba a fita. Titin Wendover motoci ne kawai, babu inda mutum zai je da ƙafa. A aji ba na magana, Turancina maƙalewa yake yi. Duk abin da na kasa faɗa a waje, Ƙosai nake zuwa in faɗa wa.

Bara, wata Lahadi da rana, ta faɗo daga saman firij tana ɗingishi. Mama ta tausaya mata. Ta ɓalli rabin farasitamol ta jiƙa ta ɗura mata, kamar yadda ake yi wa kaza ko akuya a gida.

Kafin la'asar fuskar Ƙosai ta kumbura. Dadashinta ya yi duhu, tana haki, miyau na zuba. Baba yana wurin aiki da motar. Mama ta zauna a ƙasa ta ce, "Safiya, sai dai addu'a. A ƙasar nan mutum ma tsoron asibiti yake, balle mage."

Na ɗauki wayar Mama na nemo lambar Anti Mariama. Ban taɓa kiran wani babba da kaina ba sai ranar. Da ta ɗauka na yi sallama, na ce kyanwata ce ke haki, fuskarta ta kumbura.

Ta ce, "Ɗiyata, ina jin ki. Mi aka ba ta?"

Na faɗa.

"Kar a ƙara mata komi, ko madara. Naɗe ta cikin tawul ki sauko ƙasa. Ga ni nan tafe."

Daga unguwarta, Pleasant Garden, can bayan gari, ta taso. Motarta tana ƙamshin turaren wuta da abincin mage, duk a haɗe.

A asibitin dabbobin likita ta ce wannan ƙwayar guba ce ga kyanwa, komai ƙanƙantar abin da aka ba ta. Da aka faɗi kuɗin magani, na ji ya fi hayar gidanmu. Na fara miƙa hannu in ɗauki Ƙosai mu koma. Anti ta riƙe mini hannu ta ce, "Wannan ba naki ba ne, namu ne. Ke naki ki yi mata magana ta ji muryarki." Ta fita waje da waya a kunne, ta dawo ta ce wa likita a fara.

Aka saka mata ruwa, ta kwana biyu a can. Ta rayu. Yanzu haka tana kwance a kan ƙafata.

Abin da ba zan manta ba shi ne, Anti ba ta yi wa Mama faɗa ba. Mama tana ta kuka a mota, ita kuma ta ce, "Maman Safiya, ni ma da na zo haka na sani. A gida mun ɗura wa awaki abin da ya fi wannan." Yanzu Mama da kanta take ba sauran mata labarin a wurin suna da biki. Don Allah kar ku ba mage maganin mutane.

Ranar da muka ɗauko Ƙosai, Anti ta ba ni akwatin ɗaukar mage, shuɗi, ƙofarsa na ƙara. Ta ce in riƙe.

Ganina na ƙarshe da ita a hutun makaranta ne. Ta roƙi Baba ya bar ni in wuni a gidanta. Ga fili, ga bishiyoyi, ba ƙarar mota. A nan na ga Kumandan. Idonsa ɗaya, ƙodarsa ba lafiya. Masu shi sun kai shi asibiti ba su dawo ba, ita ta ɗauke shi. Ba ya shan maganinsa sai an murƙushe a cikin kifin sadin. Ta nuna mini yadda ake yi. Ya zo ya zauna kusa da ni, Anti ta tafa hannu.

"Walla! Wannan tsohon ba ya son kowa. Ke ya yarda da ke don ba ki da surutu."

Da za ta sauke ni a gida na ce mata ni ba na iya magana a gaban mutane. Ta kalle ni ta ce, "Ranar Ƙosai wa ya buga waya? To muryar tana nan. Ajiye ta kawai kika yi."

Yanzu ina zaune gaban kwamfuta a falo. Mama tana dafa abincin da za a kai gidan gaisuwa. Baba yana waya, ana shawarar a binne ta a nan ko a kai ta gida. Ba wanda ya ambaci Kumandan, kuma ban ga laifinsu ba. Bas ba ya zuwa unguwarta. Ina leƙa taga, motoci na ta wucewa, babu wadda zan iya tsayarwa. Kumandan bai sha maganin jiya da yamma ba, bai sha na yau ba. Ban san ko ruwansa ya ƙare ba.

Makullin gidan yana hannun ƙaninta, Alhaji Sani, a can ake zaman makoki. Falonsa zai cika da manya. Ni ban taɓa wuce "ina wuni" a gabansu ba. Kuma ta yaya yarinya za ta kawo zancen mage a gidan mutuwa? Baba ma ya sha faɗa, kyanwa ɗaya ta ishe mu a gidan haya.

Bayan azahar za mu tafi. Ɗazu na sauka na saka shuɗin akwatin a but ɗin motar Baba, a bayan kulolin abinci, da gwangwanin sadin a ciki. Bai sani ba tukuna. Zan durƙusa in yi gaisuwa kamar kowa. Idan an shafa fatiha, ba zan tashi ba sai na roƙi makullin.

Allah ya jiƙan Anti Mariama, ya yafe mata, ya haskaka kabarinta. Yadda ta buɗe ƙofa ga bayinsa marasa baki, Allah ya buɗe mata ta Aljanna. Allah ya ba 'ya'yanta da Alhaji Sani haƙuri.

Duk wanda ya karanta, don Allah ya yi mata addu'a. Ni ma ku saka ni a ciki, kar muryata ta maƙale yau.