Ilu Jamus, Ɗan Baƙon da Ya Sari Daji

Duk wanda ya taɓa yin kuskuren ce wa Kaka Ilu, "Malam, ku asalinku mutanen ina ne?" ya san ranar bai isa inda zai je da wuri ba. Wallahi ko kasuwar Kibiya ka nufa da buhu a ka, sai ka sauke. Zai gyara zama a kan buzunsa, ya tura hula ƙeya, ya ce, "Yawwa! Ka yi tambaya. Zauna." Mu jikoki da mun ji wannan "yawwa" sai mu fara zamewa ɗaya bayan ɗaya, mu bar baƙo da rabonsa.

Ni ce Asabe, jikarsa ta wajen ɗansa Musa, wadda yake kira matarsa mai rowar kunu. Na fi kowa shan labarin nan, don ni ce wadda ba ta iya gudu.

Ga yadda yake. Ubansa, Malam Tanko, Bahaushe ne haifaffen Garwa ta ƙasar Kamaru, zamanin da Jamusawa ke riƙe da can. Yana saurayi ya yi musu dako, har zama ya ƙi masa daɗi. Sai ya ɗauki matarsa Ramatu, da jaki, da gatari, da irin dawa a gora, ya yo yamma. Yau nan, gobe can, har ya iso bayan Kahu. Mai garin lokacin ya nuna masa daji da sanda ya ce, "Ga shi nan. In ka iya da kuraye, naka ne." Ya sare, ya kafa bukka, ya yi shuka. Inda ya kafa bukkar nan shi ne unguwarmu ta yau, mai masallaci da injin niƙa da samari masu cajin waya. Daga wannan tarihi Kaka ya samo laƙabin Jamus, alhali har ya fara furfura bai taɓa sa Bajamushe a ido ba.

Kurayen su ne matsalar. Ina ƙarama, a labarin Kaka kura guda ce ta zo ta zagaya bukkar, Malam Tanko ya kore ta da bakin wuta. Da na shiga firamare sai ta samu abokiyar tafiya. Ranar da dangin mijina suka zo gaisuwa daga Saji, ina laɓe bayan zana na ji kuraye sun zama garke, har da wata gurguwa da ke musu jagora. Bayan baƙi sun tafi na fito na ce, "Kaka, tsakaninka da Allah, da ba guda ɗaya ba ce?"

Ya ce, "Ke, yaushe na fara ba ki labarin nan?"

Na ce, "Tun ina goye."

"To, kura ba ta haihuwa ne?"

Kun tuna gatarin? Wanda yake rataye a kan ƙofar ɗakinsa, yana shafa masa man gyaɗa kamar jariri? Shi ne dai na Malam Tanko, ƙirar Jamus, da ɗan tambari a jiki wanda wasawa ta kusa cinyewa. Kaka ba ya hana aronsa, a'a, ba marowaci ba ne. Sai dai gatarin ba ya fita shi kaɗai. Maƙwabcinmu Malam Audu ya zo wata safiya zai sare busasshen marke a gonarsa.

Kaka ya ce, "Ɗauki mana, ai naka ne. Bari in sa takalmi."

"Ina za ka kuma, Malam Ilu?"

"Gatarin nan baƙo ne, bai san gari ba. Ba ya fita sai da ɗan rakiya."

Haka suka tafi su uku. Malam Audu yana sara, gumi na zuba, Kaka yana kishingiɗe a inuwa yana ba da umarni. "Sassauta! Ka ga dutse nan! Kai, ka huta masa, ya tsufa!" Aka kawo fura ya sha, aka kawo ɗanwake ya ci, da la'asar ya karɓi abinsa ya duba bakin da kyau, ya saɓa a kafaɗa. Matar Malam Audu ta ce wa mijinta ciyar da ɗan rakiya ya fi saran wuya. Ranar kasuwar Rano ya je ya sayo nasa. Da Kaka ya gan shi da sabon gatari sai ransa ya ɓaci, ya tare shi a ƙofar masallaci ya ce, "Malam Audu, me muka yi maka?"

To amma ranar da na san Kaka ba wasa kaɗai ya iya ba ita ce ranar burtali, wato hanyar shanun da ta bi gefen gonarmu ta gangara rafi. Shekarar da su Malam Tanko suka sauka, abinci ya ƙare musu tun dawa ba ta nuna ba. Wata Bafillatana daga rugar da ke kusa ta ga halin da Ramatu ke ciki, ga tsohon ciki ga yunwa, sai ta riƙa kawo musu nono kullum safiya ba tare da an roƙe ta ba, har aka yi girbi. Malam Tanko ya rantse cewa muddin gonar nan tana hannun jininsa, shanun gidan ba za su rasa hanyar ruwa ba.

Ana nan, gida ya cika, gona ta yi kaɗan. Wata damina ciwon baya ya kwantar da Kaka, ko masallaci ba ya iya zuwa. Sai babana da ƙaninsa Baffa Haruna suka yi shawara a asirce, suka sa garma suka nome burtalin, suka shuka masara, suka tare da ƙaya. Ardo Sambo, jikan waccan Bafillatana, ya yi ta haƙuri yana zagayawa da shanunsa ta nesa. Amma samarinsa ba su da irin haƙurinsa. Aka fara musayar baƙaƙen maganganu a bakin gona, har wata rana aka ɗaga sanduna, mata na ta salati. Aka ja wa kowa kunne a gida kada Kaka ya ji.

Lokacin na zama budurwa, ni nake kai masa kunu. Na ajiye kwano sai ya riƙe min hannu ya ce, "Matata, kunnena ne ya mutu ko shanun Sambo ne suka daina wucewa?"

Na sunkuyar da kai. Ya ce, "Ki dube ni." Na dube shi, na faɗa masa komai.

Mutumin da sai an tayar da shi zaune, wallahi da kansa ya miƙe. Ya dogara sanda har bakin gona, ya fara janye ƙaya da ƙugiyar sandar. Ya aika aka kira Ardo Sambo da shanunsa. Ardo ya zo yana jin nauyi, ya ce, "Haba Malam Ilu, masara ta yi goyo. A bari a cire, mu ba ma gaggawa."

"Koro su na ce!"

Baffa Haruna ya iso da gudu, kamar zai yi kuka. "Baba, abincin gidanka ne fa! Me yara za su ci?"

Kaka ya juya ya dube shi sama da ƙasa. "Haruna, ba don nonon kakannin shanun nan ba, wa zai haifi wanda ya haife ka? Yau sun zo gidan 'yan'uwansu, kai ne za ka rufe musu ƙofa?"

Da ya ga Ardo ya ƙi motsi, sai ya kama igiyar babban bijimin da hannunsa ya ja shi cikin masarar, sauran suka biyo. Samarin Ardo da suka ɗaga sanda jiya, su ne yau suke ta kare masara hagu da dama don kada ɓarna ta yi yawa, kunya ta hana su ɗaga ido. Babana ya sunkuya ya kwashe sauran ƙayar. An ji jiki a shekarar, ba zan ɓoye ba, mun ci tuwo ba ƙari. Baffa Haruna ya yi ta kumburi har kaka. Da rani kuwa Ardo ya kawo shanunsa suka zauna a gonarmu suka zuba mata taki, ba wanda ya nema.

A hanyar komawa gida ranar, ina riƙe da shi, sai ya tsaya ya miƙe tsaf, ya murza ƙugu. Ya ce, "Ikon Allah! Ashe ciwon bayan nan na rashin faɗa ne."

Sai kuma maganar gaisuwa. Kaka ya gaji kalmar Jamusanci guda tak daga ubansa, kuma ya hakikance ma'anarta "sannu da aiki". In ya wuce masu noma sai ya ɗaga hannu ya ce, "Shinel, shinel!" Duk unguwa ta koya, har ana amsa masa da "Yawwa, shinel kadai!"

Wata shekara masu haƙa rijiyar burtsatse suka zo wajen Kibiya, aka ce a cikinsu akwai Bature Bajamushe. Kai jama'a! Kaka ya buɗe adaka ya fito da babbar rigar da sai Sallah take ganin rana. Mutumin da bai taɓa yarda ya hau babur ba, wanda kullum yake cewa, "Ubana daga Garwa ya tako da ƙafa, ni ne zan hau ƙarfe saboda Kibiya?" shi ne ya ce a kira masa ɗan acaɓa. Ya hau ya rungume yaron mutane kamar zai karya masa haƙarƙari, yana ta "A hankali, ba gado muke bi ba!" Ni da Baffa Haruna muka bi shi a wani babur, don wannan kallo ba na bari ba ne.

Muka tarar da Baturen, wani dogo ja wur, yana tsaye kan ma'aikata. Kaka ya gyara riga, ya matsa, ya yi jinjina, ya ɗaga murya: "Shinel! Shinel, Bature!"

Bature ya zabura, ya dubi agogonsa, ya dubi injin, ya dubi Kaka. Can sai ya fashe da dariya. Ya yi magana da wani saurayi mai yi masa tafinta. Saurayin ya ce, "Baba, wai a yarensu abin da ka faɗa yana nufin 'yi sauri, yi sauri'. Yana tambaya a ina ka ji?"

Ban taɓa ganin fuskar Kaka haka ba. Ya daɗe yana kallon ƙasa, sannan ya ce, "Abin da suke ce wa ubana ke nan kullum, in ya ɗauki kayansu a ka."

Tafinta ya mayar. Dariyar Bature ta ɗauke. Ya cire hularsa ya riƙe a ƙirji, ya yi magana ƙasa-ƙasa. Tafinta ya ce yana ba da haƙuri.

Kaka ya kaɗa hannu. "Gaya masa ba komai, lokacin ko ubansa ba a haifa ba. Amma yau na gane abin da ya koro Baba. Mu gaisuwarmu 'sannu', su tasu 'yi sauri'. Ina zama zai yiwu?" Ya kama hannun Baturen, bai sake shi ba sai da ya koya masa "sannu da aiki" ya faɗa daidai. Sannan ya ciro goro daga aljihu ya ba shi, ya tsaya ya ga ya ɓantara, ya ga yadda ya yamutsa fuska, ya ce, "Yawwa, mun yi ɗaya ɗaya."

Kuna tsammanin ya bar kalmar? Ina! Manoma dai ya daina yi musu ita. Sai ta koma kan surukansa. In tuwo ya yi jinkiri za ka ji shi daga zaure yana buga sanda: "Mutanen ciki, shinel! Yanzu fa na san fassara!"

Daminarsa ta ƙarshe na zo daga Saji duba shi. Na same shi kwance a rumfa da hantsi, ya zama ɗan mitsitsi cikin bargo. Na ce, "Tsoho, ka tashi ko in nemi saurayi." Ya yi murmushi, ya ce in matso.

Ya ce, "Akwai abin da ba na ba baƙi, don ba ya ba da dariya. Da Baba zai baro Garwa, ya bar mahaifiyarsa a can. Hajara sunanta. Ƙafafunta ba za su iya tafiyar ba. Ya ce mata da ya samu wuri ya yi girbi zai dawo ya ɗauke ta. Ta ce ya tafi, tana jira. Girbi ya zo, ga jariri. Wani girbin ya zo, aka ce hanya ba lafiya. Haka har ya tsufa. Duk shekara in an yi tuwon sabuwar dawa, sai ya sa kwanon a gaba ya kasa kai loma."

Ya numfasa. "Ba mu san kabarinta ba, ita kuma ba ta san an haife mu ba. Dubi yawanku yanzu. In kun tashi roƙa min gafara, ku haɗa da ita. Kada a sake barin ta a baya."

Hawaye suka yi ta zubo min. Ya ce, "Ke, matsa can, kina jiƙa min tabarma."

Bai ga dawar shekarar ta fid da kai ba.

Allah ya jiƙan Kaka Ilu, ya sanyaya makwancinsa, ya yafe masa kura-kuransa. Allah ya jiƙan Malam Tanko da Iya Ramatu. Ita kuma tsohuwa Hajara, duk inda take kwance a ƙasar Garwa, Allah ya kai haske kabarinta, ya sada ta da ɗanta a Aljanna, ya nuna mata mu gaba ɗaya. Amin.