Tabon Haƙora a Wuyan Mandolin

Gidanmu na unguwar Nakkasa a Makka babu shi yanzu, an baje shi tare da sauran gidajen kan dutsen. Amma ko yau na ji warin gawayi, sai in tuna saman rufinmu da kaskon wutar Sitti, kakarmu ta wajen uba. Bayan magariba nan take ɗora butar shayi, mu jikoki mu kewaye ta, mu yi mata Larabci ta mayar mana da Hausa. Wanda ya ce bai gane ba sai ta ja masa kunne ta ce shi ne ya toshe.

Sitti mace ce mai tsananin kunyar ɗan fari, kuma babanmu ne ɗan farin. Tunda nake ban taɓa jin ta kama sunansa ba. "Mutumin nan" take ce masa, kuma ko yana zaune gabanta sai ta aike mu da magana gare shi. Mu da aka haifa a Makka abin dariya yake ba mu. Ni kam har ga Allah na ɗauka ba ta son shi.

Yaya Bashir ne ya janyo mana tashin hankalin. Yana neman bargo a akwatin Sitti ya ci karo da wani abin kiɗa a naɗe cikin tsohon zane, cikinsa kamar rabin duma, tsirkiyoyinsa bibbiyu, duk sun saki. Abokinsa Talal na unguwar Hindawiyya, mai kaɗa jita a ɓoye, shi ya ce masa sunansa mandolin. Suka sa masa sababbin tsirkiyoyi, suka riƙa kulle ɗaki suna koyo. Wata rana tsautsayi ya sa Bashir ya taɓa shi a gida, maƙwabci ya ji, ya tare babanmu da maganar a ƙofar masallaci, gaban mutane.

Ranar Sitti ta riga ta buɗe tatsuniya ke nan. Ta ce, "Ga wata nan tafe daga nesa, ku ba ta wuri." Muka ce, "Ta zauna." Sai muka ji takun Abuya a matakala, haka muke kiran babanmu. Ya hawo riƙe da mandolin a wuya, Bashir na biye da shi da shatin yatsu a kumatu. Mahaifiyarmu ta tsaya a ƙasa tana ta salati.

Abuya ya ce, "A garin nan, a gidana? Wallahi yau abin nan wuta zai shiga."

Bashir ya ce, "Abuya, in ka ƙona shi, ni ma ba ka ƙara ganina a gidan nan."

Na san su biyun, babu mai furta magana ya janye. Abuya ya matso gaban kasko ya ce, "Inna, ɗauke butar."

Sitti ko kallonsa ba ta yi ba. Ni ta duba ta ce, "Ke Rabi, gaya wa mutumin nan na riga na buɗe tatsuniya. In na rufe ya yi abin da ya kawo shi, wutar tana nan." Na maimaita masa. Bai zauna ba, bai kuma sauka ba.

Ta ce wai an yi wani makaɗin molo da matarsa da suka kamo hanyar gabas a ƙafa. Molon ya fashe a hanya, matar kuma ta haihu a wani gari na bakin teku. A nan wani ma'aikacin jirgin ruwa ya ga yadda yatsun mutumin ke motsi ko babu abin kiɗa, ya ba shi wani ɗan ƙaramin abin kiɗa ya ce, wannan jikan udu ne, molon Larabawa, ya je ƙasar Turawa ya ƙanƙance ya dawo, kai kuma molonka ɗan'uwansu ne. Da lokacin ƙetarawa ya yi, suka shiga kwalekwalen da ke bi a ɓoye saboda masu sintiri. Jaririn yana haƙora, ga zazzaɓi, ya ƙi nono, sai tsala ihu yake. Mai kwalekwale ya ce ko a rufe masa baki ko ya sauke su uku a wani tsibirin da ko ruwan sha babu.

Sitti ta gyara gawayi. Hannun Abuya na nan sama da kaskon, har ina ganin hasken wutar a cikin mandolin ɗin.

Ta ci gaba ta ce, kiɗa ma ƙara ne, to yaya za a yi? Sai uban ya kifa yaron a cinyarsa, ya manna masa cikin abin kiɗan a baya, yana shafar tsirkiya da babban yatsa, a hankali yadda ko na kusa da shi ba ya ji, jikin yaron kaɗai ke jin rawar katakon. Yaro ya yi tsit. Da ya juyo sai ya cafki wuyan abin ya yi ta gurgura da sababbin haƙoransa har suka ga gaɓa. Da suka iso garin Allah, uban ya sassauta tsirkiyoyin don girman wurin, bai ƙara kaɗawa ba har ya koma ga Mahaliccinsa.

"Uwar kuwa," in ji Sitti, idonta a kan buta, "kunya ta hana ta ko rungumar yaron a gaban mutane. Sai in kowa ya fita ta buɗe akwati ta shafa inda ya ciza. Nan ta tsaya, ni ma na tsaya. Rabi, ce wa mutumin nan ga wuta."

Ina kallo babban yatsan Abuya ya bi wuyan mandolin a hankali, ya kai can sama kusa da kunnuwan da ake ɗaure tsirkiya, ya tsaya cak. Ya daɗe a haka. Daga nan ya murɗa kunnuwan ɗaya bayan ɗaya har tsirkiyoyin suka saki, ya miƙa wa Bashir ya ce, "Ba a gidan nan ba, ba kuma a Makka ba." Ya sauka bai sha shayi ba.

Bashir ya riƙe wannan sharaɗin. Da ya girma ya koma Jidda, yanzu shi da Talal sana'arsu ke nan, mandolin da jita, ana gayyatar su ɗakunan taro. Kafin su fara yakan ba mutane tarihin yadda abin ya fito daga udu, amma labarin kwalekwale ba ya faɗa. Abuya bai taɓa zuwa jin su ba, kuma bai taɓa cewa ya sauya ra'ayi ba.

Na daɗe ina ɗauka Sitti ta yi tatsuniyar ne don ta ceci Bashir. Sai da na haifi nawa ɗan farin na gane ta sami hanya ce, sau ɗaya a rayuwarta, ta gaya wa ɗanta irin son da take masa ba tare da ta kalle shi ba.

A ciwonsa na ƙarshe Abuya ya kwanta asibiti a Jidda, barci ya gagare shi kwana da kwanaki. Wata la'asar ya dubi Bashir ya ce, "Nan dai ba Makka ba ce, ko?" Bashir ya je ya ɗauko mandolin. Muka juya Abuya ta gefe, ya manna masa cikin a baya, yana shafar tsirkiya da babban yatsa. Ina tsaye a bakin gadon ban ji komai ba. Shi kuwa ya yi barci.